Caja ba ta ƙara wa mota nisan tafiya

Yarona, saƙonka ya iso ni. Ka ce wani Alhaji ya kira ka gidansa, ya sayi motar lantarki ƙirar China wadda takardarta ta ce tana cin kilomita 400 da caji ɗaya, amma da ya hau hanyar Kano zuwa Kaduna, wadda kimanin kilomita 230 ce, da ƙyar ya shiga gari kafin batir ya ƙare. A ganinsa ƙaramar cajar da yake sawa a soket ɗin bango ce ba ta cika batirin yadda ya kamata, don haka yana so ka sa masa babba, kai kuma kana tambayata wace iri za ka sayo. Da wani abu dabam ka tambaya da na bari sai ka zo gareji, amma wannan magana ta cewa caja ce take rage wa mota nisan tafiya ita ce ƙaryar da aka taɓa ɗora mini, har yau kuma idan na tuna raina yakan ɓaci.

Ka fara sanin cewa batirin da ya cika ya cika, ko da ƙaramar caja aka cika shi ko da babba. Abin da batir yake ɗauka ana auna shi da yunit, irin wanda mitar gida take ƙirgawa, shi kuwa kilowat da ake rubutawa a jikin caja saurin zubawa kawai yake nunawa. Yunit kamar litar fetur ce, kilowat kuwa kamar faɗin bakin famfon gidan mai, kuma ba ka taɓa jin wanda ya ce babban famfo ya ƙara wa tankinsa girma ba. Idan ka sa wa Alhajin nan caja mai kilowat 22 gobe, a inda motar ta galabaita a hanyar Kaduna a nan za ta sake galabaita, sannan ya dawo ya ce ka ci kuɗinsa.

Lambar da ke cikin takarda a ɗakin gwaji aka samo ta. Gwajin da China take amfani da shi, wanda ake kira CLTC, matsakaicin gudunsa bai kai kilomita 30 a awa ba, na Turai kuma, wato WLTP, matsakaicinsa kimanin 46 ne, ana yin sa a yanayi mai daɗi na digiri 23, ba tare da an kunna na'urar sanyaya mota ba. Shi kuwa Alhajinka yana taka 120 a rana ta watan Afrilu da zafi yake kai digiri 40, an rufe gilashi, sanyi na aiki, ga iyali ga kaya a but. Turjiyar iska ba a hankali take ƙaruwa ba: idan ka ninka gudu sau biyu, ita sai ta ninka sau huɗu, saboda haka wanda ya tashi daga 80 ya koma 120 ya fi ninka iskar da motarsa take turawa. Wannan shi ne abin da direbobinmu suka kasa ganewa, domin sun saba da motar fetur wadda take shan mai a cikin gari ta sauƙaƙa a babbar hanya. Motar lantarki akasin haka take. A cunkoson cikin gari, duk lokacin da aka ɗaga ƙafa ko aka taɓa birki, injinta yakan juye ya zama janareta ya mayar wa batir wani abu, idan kuma aka tsaya ba ta cin komai sai abin da sanyi yake ja. A babbar hanya babu wannan rangwamen.

Yanzu ka saurari abin da ya same ni. Wani dillalin motoci da muka daɗe muna hulɗa ya zo mini da Nissan Leaf ƙirar 2013, wadda aka shigo da ita daga Amurka ta Kwatano. Ya ce ya riga ya yi ciniki da wani ɗan kasuwa, kuma a cikin cinikin har da alkawarin za a kafa masa caja a gida, don haka ni zan yi aikin, shi zai biya ni. Wannan mota tana da batir mai yunit 24, kuma a allon gaban direba akwai sanduna 12 da suke nuna lafiyarsa, suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya yayin da yake tsufa. Da na duba sai na ga dukkan 12 ɗin suna nan a cike, a motar da ta kusa shekara goma a duniya. Hankalina bai kwanta ba, domin na san Leaf ta wancan lokacin ba ta da ruwan sanyaya batir kamar yadda Hyundai Kona da aka fara haɗawa a Legas a 2020 take da shi, iskar waje kawai take dogara da ita, kuma tun a 2012 masu ita a jihar Arizona mai zafi suka yi ta ƙorafin cewa batirinsu yana tsufa da wuri. Na kuma san akwai marasa tsoron Allah da suke shiga ƙwaƙwalwar batirin da kwamfuta su share abin da ta haddace, sai ta ɗauka sabo aka sa mata, ta maido da sandunan duka.

Sai na yi gwajin da ba a iya yi masa ƙarya. Na sa aka yi ta yawo da motar har ta kusa mutuwa, na jona ta a bayan mita na cika ta, na ƙirga abin da ya shiga. Sabon batirin irin wannan yakan karɓi abin da ya haura yunit 20, wannan kuwa bai kai 14 ba ya ce ya ƙoshi. Na kira dillalin gefe, a gaban gareji, na nuna masa mitar da yatsana, na ce masa batirin nan ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, kuma an taɓa ƙwaƙwalwarsa. Ya dafa kafaɗata ya ce ai ya sani, ya kuma faɗa wa mai sayen, har an rage kuɗi saboda haka, ni dai in yi aikina. Ban nemi ya sa hannu a takarda ba, domin mu a yadda aka rene mu maganar dattijo ita ce takardarsa, kuma mutumin nan mun sha haɗuwa a sahu ɗaya.

Aikin da na yi a gidan nan har yau ina alfahari da shi. Na ja layi na musamman daga allon rarraba wuta har rumfar mota da wayar jan ƙarfe zalla mai kauri milimita 6, ba irin ta kasuwa da ake shafa wa alminiyam jan launi ba, na sa bireka, wato makunnin da yake yanke wuta idan ta yi yawa, nasa shi kaɗai, na sa na'urar da take yanke wuta idan ta fara zurarewa, na haƙa rami na kafa sandar ƙasa na auna ta. Akwatin cajar ma da kuɗina na sayo, saboda dillalin rabin kuɗi kawai ya ba ni, ya ce sauran sai mai mota ya cika masa.

Ba a jima ba ƙwaƙwalwar motar ta sake koyon gaskiyar batirinta, sandunan suka fara zubewa, yau ɗaya jibi ɗaya. Rannan ɗan kasuwar ya nufi Zariya da iyalinsa, motar ta tsaya musu a hanya da tsakar rana, sai da aka jawo ta. Da ya je wa dillalin a fusace, sai mutumin nan ya buɗe wayarsa ya nuna hoton allon motar na ranar ciniki, sanduna 12 cif, ya ce lafiya lau ya sayar da ita, cajar da mai lantarki ya kafa ce ta ƙone batirin. Aka kira ni gaban manyan sana'a. Na yi bayani har muryata ta dushe cewa akwatin da ke bango ba ya tura wa batir komai da ƙarfi, wutar gida kawai yake miƙawa, cajar gaskiya tana cikin motar kanta, ita ce take juya wutar ta kuma yanke yawan abin da zai shiga. Amma shi yana da hoto, ni ba ni da komai sai bakina, waɗanda suke sauraro kuma babu wanda ya taɓa buɗe motar lantarki a cikinsu. Dillalin ya dube ni ido da ido ya rantse cewa ban taɓa ce masa komai game da batir ba. Aka ce a yi sulhu. Sulhun shi ne na yafe sauran kuɗina, na je na cire akwatin da hannuna, wayar da na binne a bango kuma ta zama ta mai gida. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne abokan ɗan kasuwar da suka riga suka yi mini maganar aiki duk suka janye, aka daɗe ana nuna garejina ana cewa ga mai ƙone batir. Mutumin nan yana nan yana sayar da motoci, ni kuma ban ƙara amsa sallamarsa da sakin fuska ba.

Saboda haka kafin ka taɓa waya ɗaya a gidan Alhajin nan, ka yi wa motar gwajin mita, ka rubuta yunit ɗin da ya shiga, da kilomitar da ke kanta, da kwanan wata, shi ya sa hannu kai ma ka sa. Na san halinku yaran yanzu, za ka ce wannan ɓata lokaci ne. Ku kallon bidiyo na minti uku a waya kuke yi ku ɗauka kun zama injiniyoyi, ba ku cika shekara a gaban maigida ba kun fara maganar yaye, kuma abin da allo ya nuna muku shi ne gaskiya ko da hankali ya ƙi shi. Ni na fi shekara ina wanke kan batir da riƙe wa maigidana fitila kafin ya bar ni na kama waya mai rai.

Game da girman caja, ba motar za ka fara tambaya ba, mai ita za ka tambaya kilomita nawa yake yi a rana, da kuma awa nawa unguwarsu take samun wuta. Irin waɗannan motoci sukan ci yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100. Wanda yake yawon kilomita 50 a cikin Kano yana buƙatar yunit 8 ko 9, ka ƙara kimanin kashi goma cikin ɗari da yake salwanta ya zama zafi a lokacin caji, ka ce 10. Ƙaramar cajar soket tana ba da kilowat 2 da ɗan abu, wato awa biyar sun ishe shi. Idan yana layin Band A, wanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana, aka kuma ƙara musu kuɗi a Afrilun 2024, ba ya buƙatar babbar caja don yawon gari, soket mai kyau a layi nasa na kansa kawai yake buƙata, domin soket ɗin ɗaki da aka jona wa firji da fanka ba zai jure jan wuta na awa biyar ba tsayawa ba, zai yi baƙi ya narke. Wanda wutarsa take zuwa awa uku ta ɗauke, ko mai yawan tafiya da yake son cika batir mai yunit 50 a dare ɗaya, shi ne mai buƙatar kilowat 7, wadda take jan amfiya 32, kuma sai ka tabbatar wayar da ta shigo gidan daga turke za ta ɗauka. Ka duba littafin motar ka ga iyakar cajar cikinta, domin wasu tsofaffin Leaf kilowat 3.3 kawai suke karɓa ko me ka kafa musu. Ka kuma dubi bakin cajin da idonka kafin ka je kasuwa, saboda na China dabam, na Turai dabam, na Japan da Amurka dabam. Yadda ake ɗaure bireka da gwada waya ba zan ɓata tawada a kansu ba, idan har yanzu ba ka iya ba to ka dawo da kayan aikina.

Zai tambaye ka janareta, domin dukkansu suna tambaya. Yawancin cajoji ba sa yarda su fara aiki idan ba su ga wayar ƙasa mai kyau ba, ƙananan janaretocin gida kuma ba su da ita, kuma kada ka kuskura ka yi wata dabarar yaudarar cajar don ka burge shi, domin batirin da ke ƙarƙashin motar nan yana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 350 zuwa 400. Ko da ya yi aiki, ƙona fetur a janareta don a cika motar lantarki ya cinye ribar da aka saye ta dominta tun bayan cire tallafin mai a 2023. Idan yana da sola, ka lissafa masa yunit 10 ɗin nan a kan abin da gidan yake ci, ya riƙa caji da rana kai tsaye maimakon ya zuƙe batiran gida da dare. Ka ce masa ya riƙa ajiye motar a inuwa, kada ya jona ta tana dawowa daga doguwar tafiya da zafinta, kuma idan batirinta ba irin LFP ba ne, wato na lithiyam mai haɗin ƙarfe da fosfet, ya tsaya a kashi 80 a ranakun da ba shi da tafiya. In zai koma Kaduna, ya cika ta, ya duba iskar tayoyi, ya riƙe gudu 90, sannan ya kira ka ya faɗa maka kashi nawa ya rage masa da ya isa, kai kuma ka rubuta a takardar nan da kuka sa wa hannu.