Jirgin Ƙasa a Cikin Ɗaki: Amsa ga Yayana na Kano

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ga amsar tambayar da ka yi mini, cewa me zai sa magidanci mai furfura ya keɓe ɗaki guda a gidansa domin jirgin wasan yara.

A nan Jamus ba a lissafa wannan abu cikin wasan yara. Mafi yawan masu yinsa manya ne, da dama sun yi ritaya, kuma suna da ƙungiyoyi masu rajista da mujallu da kasuwanninsu. Kamfanin Märklin na garin Göppingen, wanda ya fi shahara wajen ƙera waɗannan jirage, tun 1859 aka kafa shi. Abin da ya raya al'adar, a ganina, shi ne hunturu. A Hamburg, cikin watan Disamba, magariba takan yi da misalin ƙarfe huɗu, sanyi kuma ba ya barin kowa ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, saboda haka duk wanda ba shi da aikin hannu a cikin gida sai ya ƙare a gaban talabijin. Mu Hausawan da muka daɗe a nan, kaɗan ne cikinmu suka shiga harkar, yawanci ta dalilin maƙwabta ko 'ya'yanmu da suka gani a gidajen abokansu.

Jiragen girma-girma ne. Wanda ya fi yawa shi ne ake kira H0, kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske, kuma da shi aka gina Miniatur Wunderland, babban gidan baje kolin irin waɗannan ƙananan jirage, da aka buɗe a nan Hamburg a 2001. Nawa babba ne, samfurin LGB, wanda kamfanin Lehmann na Nuremberg ya fito da shi a 1968: kashi 1 cikin 22.5, tazarar ƙarafan titinsa milimita 45. Ƙaramin kan jirgi ya kai taƙi guda, manyan sun wuce kamu, kuma idan ka ɗaga za ka ji nauyi a hannu. Na zaɓe shi ne domin ido ya fara rauni, ga shi yana jure hannun jikoki.

Wahalarsa ita ce wuri, domin an ƙera shi ne da tunanin lambu. Kwana mafi matsi tana cin da'ira mai faɗin mita 1.2, kuma dogayen taragu ba sa kyan gani a kanta, sai ka ga gindinsu ya leƙo waje. Shi ya sa ba ma kafa tebur a tsakiyar ɗaki. Kanta muke yi ta katako a jikin bango, ta zagaye ɗakin ƙarƙashin ƙasa gaba ɗaya, a bakin ƙofa kuma a sa gada mai ɗagawa domin mutum ya wuce. Faɗin kantar kada ya wuce inda hannu zai kai, in ba haka ba ranar da tarago ya goce a can ƙurya sai an hau kan aikin. Hawa ma ana sassauta shi, kamar santimita 3 a kowace mita, domin kada ƙafafun jirgi su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Wutar ta cikin ƙarafan titi take bi daga taransifoma, ba ta wuce volt 24 ba, amma da yake ƙarafan tagulla ne, sukan dushe, sai an riƙa goge su, musamman a ɗaki mai danshi. Akwai kuma haƙƙin maƙwabta: daga ƙarfe 10 na dare, da ranar Lahadi, ba a son hayaniya, don haka muke shimfiɗa roba a ƙarƙashin titin ta shanye ƙara.

Tsada kam akwai ta, sabon kan jirgi yakan ci ɗaruruwan Yuro. Na hannu muke saye, ɗaya bayan ɗaya.

Inda muka bambanta da Jamusawa shi ne abin da muke ginawa a gefen titi. Su duwatsun Alps suke yi da coci da itatuwan Kirsimeti. Ni tashar Kano nake haɗawa, wadda jirgi ya fara isa a 1911. An yi sa'a tsohon layin dogonmu tazararsa milimita 1,067 ce, saboda haka titin milimita 45 ya yi daidai da kusan kashi 1 cikin 24, bambancin da ido ba ya kamawa. Sai dai a shagunan nan ba na samun tarago irin namu, dole in sayi na Turai in sake masa jiki da fenti. Gidajen ƙasa da filasta nake yinsu, in gauraya ta da jan fenti, in fitar da zanko a saman soro da bakin wuƙa. Uwargida ta ɗinka mini ƙananan buhuna, kowanne bai fi yatsa ba, muka cika su da yashi muka jera dalar gyaɗa. A gaban wannan dala ne jikokinmu, waɗanda Jamusanci ya fi zama a bakinsu, suke tambaya da kansu wace ce Kano, kuma me ake yi da gyaɗa mai yawa haka.

Saura ginin tashar kansa. Don Allah, Yaya, idan ka sami sarari, ka sa ɗaya daga cikin yara ya ɗauko mini hotonsa ta gaba da ta gefe, mutum yana tsaye a bakin ƙofa, domin in auna tsayin bangon da shi.