Yadda Ake Mayar da Ƙaramar Motar Roba Motar Ɗaukar Gawa

Tambaya: Malam, ina haɗa ƙananan motocin roba na ado, kuma ina so in mayar da ɗaya motar ɗaukar gawa mai siffar motocin tsere na Amurka. Daga ina zan fara? Mai karatu daga Agege, Legas.

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da neman mota mai dogon jiki a ma'aunin 1:25 (wato tsawonta kashi ɗaya cikin 25 na tsawon motar gaske), wanda kamfanonin Amurka irin su AMT suka fi amfani da shi. Kamfanin Jo-Han ya taɓa fitar da Cadillac ta 1966 ta ɗaukar gawa, sai dai yanzu samunta sai an sha wuya. Idan doguwar mota mai rufi da tagogi har baya ka samu, ka toshe tagogin bayanta da fallen roba, ka cike gaɓoɓin da fila, sannan ka goge da sanfefa har yatsanka ya daina jin tudu. A nan aikin yake, domin baƙin fenti ba ya rufa wa aibi asiri ko kaɗan.

Siffar tsere kuwa tana samuwa ne idan ka sauke jikin motar ƙasa, ka sa faffaɗan tayoyi a baya, ka bar injin V8 (mai silinda takwas) a fili. Danshin Legas yana sa fenti ya dusashe, saboda haka a damina ka jira rana ta buɗe sosai kafin ka fesa.