Filin Tambaya da Amsa: Yaya Zan Haɗa Darasin Aji da Matsalar Unguwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce da ke koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a cikin birnin Kano. Duk damina ɗalibaina kan yi ta fashin zuwa makaranta saboda zazzaɓin cizon sauro, alhali kuwa suna iya rubuta mini matakan rayuwar sauro a jarrabawa ba tare da kuskure ba. Ina son karatun ya taɓa abin da ke damun unguwarsu, amma ajina ya cika maƙil, manhaja tana jirana, kuma makaranta ba ta da kuɗin da za ta ware. Ta ina zan fara? Daga wata malama, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan kishi. Shawarata ita ce kada ki nemi wani sabon darasi da za ki ɗora a kan manhaja, domin darasin yana cikinta tun tuni, kuma matsalar tana kwance a ƙofar makaranta. Abin da ya rage shi ne ki mayar da babin sauro ya zama tambayar da ɗalibai za su fita su nemo amsarta da kansu: a ina sauron unguwar nan yake hayayyafa, kuma wa ke da ikon hana shi?

Ki raba ajin zuwa ƙananan rukunoni gwargwadon lungunan da yaran suka fito, kowane rukuni ya zana taswirar lungunsa a takarda, ya sa alama a duk inda ruwa ke kwanciya, ko kududdufi ne, ko ramin da aka haƙi ƙasar gini, ko tsohuwar taya, ko lambatun da ledoji suka toshe. Daga nan sai a ɗebo ruwan wasu wuraren a kwalabe masu haske, a rufe bakinsu da ƙyallen gidan sauro, a ajiye a aji. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za su ga tsutsa ta rikiɗe ta zama sauro a gaban idonsu. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne bambancin da za su lura da shi idan suka zuba ido sosai: tsutsar sauron Anofilis, wanda macensa ke yaɗa zazzaɓin, takan kwanta a miƙe a ƙarƙashin fuskar ruwa, ita kuwa ta sauron Kuleks takan rataye kanta a ƙasa a karkace. Galibi Anofilis ya fi son ruwan sama da ya taru a fili inda rana ke dukansa, yayin da Kuleks ke jure ƙazamin ruwan kwata. Yaron da ya gano haka da kansa zai fahimci cewa ƙaramin ramin da kowa ke tsallakewa a bakin hanya yana iya fin lambatu mai wari haɗari ta fuskar zazzaɓi, ko da yake shi ma lambatun yana da nasa sharrin.

Irin wannan taswira ba wasan yara ba ce. A shekarar 1854 wani likita a Landan mai suna John Snow ya bi gidajen da cutar kwalara ta yi kisa, ya gano cewa mace-macen sun taru ne a kewayen famfo guda, aka cire hannun famfon don a daina shan ruwansa, daga baya kuma ya sanya gidajen a taswira wadda ta nuna hakan a fili. Ki ba ɗalibanki wannan labari, ki kuma shaida musu cewa bisa rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke.

Game da ƙarancin lokaci, ki nemi haɗin kan abokan aikinki, don aiki ɗaya ya biya wa darussa da yawa buƙata. Malamin lissafi zai iya koyar da kaso cikin ɗari da zana jadawali da alƙaluman fashin da ke cikin rajistar aji, malamin Hausa ya koyar da rubuta wasiƙar hukuma da wasiƙar da za a kai wa mai unguwa, malamin addini kuma ya kawo hadisin da ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. A ba da maki a kan taswira da rahoto cikin makin gwaje-gwajen zango, domin abin da ba a ba shi maki ba ɗalibai da iyaye kan ɗauke shi ɓata lokaci.

Akwai wurin da nake son ki yi taka-tsantsan ƙwarai, wato kada aikin ya koma sa yara kwasar shara. A 1967 Shugaba Julius Nyerere na Tanzaniya ya fito da manufar ilimi don dogaro da kai, wadda ta nemi haɗa makaranta da rayuwar ƙauye, manufa mai kyau matuƙa, amma a makarantu da dama ta ƙare a noman gonar makaranta wanda ba shi da alaƙa da abin da ake koyarwa a aji. Mu ma mun san yadda ake mayar da shara da yankan ciyawa horon mai laifi. Aikin ɗalibi shi ne ya bincika, ya auna, ya rubuta, sannan ya tsaya gaban manya ya yi bayani. Yashe lambatu aikin manya ne masu safar hannu da takalman roba, kuma bai kamata ki bari ko yaro ɗaya ya shiga kwata ba.

Saboda haka tun kafin a fara, ki sami izinin shugaban makaranta, ki sanar da ƙungiyar iyaye da malamai, ki kuma je ki gaida mai unguwa ki gaya masa cewa yaran za su kawo masa sakamako. Ɗalibai mata suna da wata dama da maza ba su da ita, domin suna shiga gidajen da aka rubuta "ba shiga", su tambayi iyaye mata ko ana kwana cikin gidan sauro, da yadda ake ajiye ruwa a tsakar gida. A ɗauki adadi kawai, kada a rubuta sunan kowane gida ko mara lafiya. Ranar gabatar da sakamako a gayyato mai unguwa da liman da ma'aikacin lafiya na asibitin sha-ka-tafi, yaran su nuna taswirarsu su roƙi abu ɗaya takamaimai, misali a cike ramuka kaza a ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon zangon karatu na watan Satumba, lokacin da ruwa ke kwance kuma zazzaɓi ya yi ƙamari. Ki adana taswirori da alƙaluman bana, don ajin baɗi ya sake zagaya lungunan ya gwada ko an sami canji.