Amsa: Me ya sa gwaje-gwaje suka yi yawa a asibitocinmu?

Hajiya, kin ce zazzaɓin kwana biyu ya kai ki asibiti a Garwa, aka rubuta miki gwaji har shida, kuɗinsu ya fi na magani, kina tambaya ko dole ne. Allah ya ƙara sauƙi.

Na maleriya kam dole ne. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da cutar kafin a ba da magani, kuma ɗigon jini daga yatsa ya isa. Inda nake da ja shi ne gwajin Widal na taifod. Yakan nuna akwai ciwon ga wanda ya taɓa yinsa ya warke, har ma ga mai maleriya zalla. Sai a ɗora wa mutum maganin ƙwayoyin cuta na mako guda ko fiye, ya biya gwajin, ya biya maganin da jikinsa bai nema ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A Kamaru yawancin kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita, asibitoci da dama kuma da kuɗin ɗakin gwaji suke tafiyar da harkokinsu. Ga layi har ƙofa, likita ba shi da sukunin dogon tambaya, rubuta gwaji ya fi masa sauri. Mu ma da namu: in ba a ɗebi jini ba, sai mu ce likitan bai iya aiki ba.

Ki riƙa tafiya da karnenki, wato littafinki na asibiti, da tsofaffin sakamako, don kada a maimaita abin da aka yi makon jiya. Kuma cikin ladabi ki tambaye shi, "Likita, wanne ne na gaggawa, wanne zai iya jira?"