Fentin ƙaramar motata ya yamutse, kuma ƙirjina yana nauyi bayan feshi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina haɗa ƙananan motocin roba na ado, masu girman kashi 1 cikin 24. Na fesa wa bodin wata mota ta kamfanin Tamiya jan fenti na inamel, sai ya fito da gurji-gurji kamar ɓawon lemu, ƙura kuma ta maƙale a kan bonet. Bayan kwana biyu na bi kansa da fentin ƙyalli na gwangwani, sai rufin gaba ɗaya ya yamutse. Wani mai fentin motoci ya ce zai ɗibo mini irin ƙyallin da suke haɗawa da hadina, wato sinadarin da ke sa fenti ya sandare, kuma wai idan na sha madara bayan feshi ba abin da zai same ni. Tun kafin nan ma ƙirjina yakan yi nauyi idan na yi feshi a ɗaki. Shin bodin ya lalace ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bodin bai lalace ba, muddin yamutsewar ta tsaya a fenti ba ta kai ga robar ba. Abin da ya faru shi ne ka ɗora ƙyalli mai zafin tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, a kan inamel ɗin da bai gama sandarewa ba. Inamel yakan bushe a sama cikin yini guda, amma cikinsa yana buƙatar mako ɗaya ko fiye, saboda haka tinar da ke cikin ƙyallin ta ratsa ta narkar da shi, ya tattare. Ko da ya bushe sarai, ƙa'idar ita ce ba a ɗora fentin lakka mai zafin tina, irin gwangwanayen jerin TS na Tamiya, a kan inamel, sai dai a ɗora fentin inamel ko na akirilik a kan lakka. Idan ba ka tabbatar da jituwar fenti biyu ba, ka fara gwada su a bayan cokalin roba.

Fentin da ya yamutse ba ya gyaruwa da goge-goge, sai an cire shi. Ka jiƙa bodin a cikin ruwan wanke tanda mai soda, ko man birki, na 'yan sa'o'i, kana sanye da safar hannu, sannan ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka wanke da sabulu. Kada ka bar shi ya kwana biyu a man birki, domin yana iya sa robar ta yi gautsi. Fetur, asiton da tinar mota kuwa kada su kusanci bodin ko kaɗan, domin robar polistarin da aka yi bodin da ita narkewa take yi a cikinsu.

Shi kuwa gurji-gurjin da ka fara gani, alama ce ta cewa fentin ya soma bushewa a iska kafin ya sauka, ko don ka yi nisa da gwangwanin, ko don zafi da bushewar iska irin ta hunturu da bazara. Ka girgiza gwangwanin minti biyu, ka tsayar da shi cikin ruwan ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, ba ruwan zafi ba kuma ba kusa da wuta ba, domin gwangwanin feshi yana fashewa idan ya yi zafi. Ka riƙe tazarar kamar santimita 15 zuwa 20, ka fara da fentin shimfiɗa, sannan yayyafi biyu ko uku marasa kauri, kana barin mintuna 10 zuwa 15 a tsakani, kafin feshin ƙarshe mai danshi. Ƙura ba ta da magani sai rigakafi: ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, ka kuma kife kwali mai tsabta a kan bodin da zarar ka gama. Wadda ta riga ta maƙale, ka jira fenti ya sandare, ka bi ta da sanfefa mai lamba 2000 zuwa 3000 da ruwa, sannan man gogewa. Da damina kuma ka guji feshi ranar da iska ke da laima, domin ƙyallin yakan yi fari-fari.

Yanzu sai maganar da ta fi damuna a wasiƙarka, wato madara. Wannan magana na gaji da jinta, kuma na rasa dalilin da ya sa manyan masu sana'a suke ci gaba da cusa ta a kan yaran da ke ƙarƙashinsu. Madara ciki take tafiya, tururin fenti kuwa huhu yake shiga, daga nan ya wuce cikin jini, kuma babu inda su biyun suke haɗuwa balle ɗaya ta wanke ɗaya. Abin da madara take yi kawai shi ne ta sanyaya maƙogwaron da ya ƙaiƙaye, sai mutum ya ɗauka ya warke, gobe ya koma ya shaƙi fiye da na jiya. Haka nan ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci da takunkumin takarda, ƙura suke tarewa, tururin tina kuwa yana ratsa su ba tare da wani shamaki ba.

Ƙyallin da mutumin ya yi maka tayi ya ma fi gwangwaninka haɗari nesa ba kusa ba. Hadinar da ake zuba masa tana ɗauke da sinadarin isosayanet, wanda yake cikin manyan abubuwan da ke jawo asma ta wurin aiki, kuma hanci ba ya jin warinsa sai ya riga ya wuce adadin da ke cutarwa. Da zarar jikin mutum ya kamu da ƙinsa, ɗan kaɗan ma ya isa ya toshe masa numfashi, sau da yawa ba a lokacin feshin ba, sai cikin dare bayan ya kwanta, shi ya sa masu yawa ba sa danganta tarinsu da fenti. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ce mai fesa irin wannan fenti sai da na'urar da ke turo masa iska mai tsabta, takunkumi mai matata ma bai wadatar ba. To, ina ga mutumin da zai fesa shi a ɗakin da yake kwana, watakila da yara a gidan, yana dogaro da gwangwanin madara? Wanda ya ba ka wannan shawara ba lallai ne yana nufinka da sharri ba, abin da aka koya masa ke nan, amma lafiya amana ce, kuma bai halatta mutum ya riƙa raba fatawa a kan huhun wasu alhali bai san abin da ke cikin kwalbar da yake miƙawa ba.

Kada ka karɓi ƙyallin nan. Ƙyallin gwangwani na ƙananan motoci wanda ya jitu da fentin da ke ƙasa, idan ya sandare aka goge shi da sanfefa mai laushi da man gogewa, yana ba da sheƙin da ya ishe ka. Ka daina feshi a ɗaki, ka koma waje inda iska ke kaɗawa daga bayanka, ka nemi takunkumi mai matatar gawayi da aka yi domin tururin tina, irin mai alamar A2P2, ka riƙa canza matatar. Nauyin ƙirjin nan kuwa kada ka jira ya ƙaru: ka dakatar da feshi, ka je asibiti, ka tafi da gwangwanayen da kake amfani da su domin likita ya ga abin da ka daɗe kana shaƙa.