Tambayoyinku kan bushewar fata da zafin rana

Likita, tun shigowar hunturu jikina ke yin furu-furu. An ce rashin shan ruwa ne, na koma ɗirkar ruwa ba ƙaƙƙautawa, amma shiru.

Shan ruwa na da kyau, sai dai in ba ƙishirwa ce ta galabaitar da kai ba, ƙarin da kake ɗurawa bayi kawai zai yi ta kai ka. Iskar hunturu ce ke zuƙe danshin saman fata. Rage zafin ruwan wanka, bar sabulu mai kaifi da dirzar soso, ka shafa man kaɗanya ko basilin da zarar ka fito, tun jiki da lema.

Fuskata mai maiƙo ce, dole sai na shafa mai?

Shafa, amma marar nauyi. Maiƙo daban, danshi daban.

Man kaɗanya yana kare fata daga rana?

A'a. Yana maganin kaushi da faso, amma kariyarsa daga rana ba ta taka kara ta karya ba.

Likita, shekara uku ina shafa haɗin man ƙara haske. Yanzu kumatuna sun yi baƙi kamar ƙuna, ga nankarwa a damatsa, in na shiga rana fuska ta dinga raɗaɗi. Mai haɗa min ta ce rana ce, in sayi mai ƙarfin.

'Yar'uwa, kada ki saya. Mai haɗin nan ta gaya miki rabin gaskiya, ta ɓoye rabin da zai kashe mata kasuwa. Launin da kike ƙoƙarin gogewa shi ne garkuwarki daga rana. Man ya rage shi, rana ta samu fatarki a buɗe.

Yawancin waɗannan haɗe-haɗen ba sa rasa ɗayan sinadarai uku: haidrokwinon, sitiroyid ko zaiba. Haidrokwinon in aka daɗe ana shafa shi ana shiga rana, yakan juya ya bar baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da gefen ido, wanda ke da wuyar fita ko a hannun likita. Sitiroyid kuwa sirantar da fata yake yi har a riƙa ganin jijiyoyi. Shi ke kawo nankarwar da kike gani, da ƙuraje, da makero mai yaɗuwa, da ciwon da ba ya saurin warkewa. Yana kuma ratsawa cikin jini ya taɓa hawan jini da suga. Zaiba ƙoda take ci, kuma tana isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan irin mayukan nan, amma har gobe ana sayar da su a robobi marasa suna, ana tallarsu a WhatsApp.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne iyayen da ke shafa wa jarirai. Me yaron ya yi muku? Haka masu matsa lemun tsami a fuska su fita rana: ƙuna ce ke biyo baya, sai tabo.

Ki ɗauki robar man ki tafi asibiti wurin likitan fata. Kada ki yanke shi lokaci guda ba tare da shawara ba, don fatar da ta saba da sitiroyid takan yi bore, a yi ta ƙaiƙayi da jan fuska, har mutum ya koma gidan jiya. A gwada miki jini da suga da ƙoda. Kafin nan ki nemi man kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko sama (SPF ita ce lambar da ke jikin robar mai nuna ƙarfin kariyar man), ki sake shafawa duk bayan awa 2 in kina waje, da kuma bayan alwala, tunda ruwa ya wanke shi. Ki je asibiti, kada ki ce sai an kwana biyu.

Ɗana zabiya ne. Kakarsa ta ce a bar shi a rana fatarsa za ta saba.

Ki ba Hajiya haƙuri cikin ladabi, amma fatar zabiya ba ta sabawa da rana, ƙonewa take yi, kuma ƙunar da ke taruwa tun yarinta ce ke zama kansar fata daga baya. Malfa mai faɗi, riga mai dogon hannu, man SPF 50, da zama a inuwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Ko da hazo ya rufe gari, hasken da ke ƙuna yana ratsowa. Duk gyambon da ya ƙi warkewa a kunne, leɓe ko wuya, a kai shi asibiti nan take.

Gaskiya ne baƙar fata ba ya kamuwa da kansar fata?

Ba gaskiya ba ne. Ta fi ƙaranci a wurinmu, amma takan fito inda ba a dubawa: tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Irinta ce ta kashe mawaƙi Bob Marley a 1981, daga ɗan yatsan ƙafa ta fara. Baƙin tabo da ke girma ko yake zubar jini a waɗannan wurare, kada a kai wa wanzami, a kawo asibiti.