Ya dawo daga gidan yari, yaya za mu yi da shi?

Malam, ka ce ɗan yayanka ya gama zaman gidan yari kan laifin fyaɗe, zai dawo ƙauyenku a wajen Ringim, kana tambaya ko ku kore shi.

Ni dai ban goyi bayan kora ba. In kun kore shi, wani gari zai faɗa inda ba a san halinsa ba, can ma akwai yara.

A Kanada, tun 1994, wata coci a garin Hamilton ta fara haɗa irin wannan mutum da 'yan sa-kai, yawanci huɗu zuwa shida, suna taimaka masa suna kuma sa masa ido. Ku ma za ku iya. Ku samu liman, mai unguwa da dattawa biyu. A nema masa sana'a, ko noman rani ne, a riƙa zama da shi duk mako. A gaya masa ƙiri-ƙiri: ba keɓewa da yaro ko mace, ba aiki a makarantar allo. Ya saɓa, a sanar da 'yan sanda, ba rufa-rufa.

Amma kafin komai, ku je wajen iyayen yarinyar da ya yi wa fyaɗen. In ganinsa zai tayar mata da hankali, shi zai koma wata unguwa, ba ita ba.